Shirun Talata a Kan Gidan Dundaye

Da sunan Allah nake farawa, mai ƙasa da duk abin da aka gina a kanta. Mu namu nuna wa mutane ƙofa ne kawai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Sunana Ladan, dillalin gidaje da filaye ne ni a nan Sakkwato. Mazaunina gindin wani dogon yaro a Ƙofar Atiku, na haura shekara talatin a wurin. Da ajami na fara rubuta wannan labari, domin da shi hannuna ya saba, daga baya aka juye shi zuwa boko saboda ku samarin da kuka shigo sana'ar nan da waya a hannu. Ina ganin yadda kuke yi. Mutum ya ɗauki hoton gida, ya sa a waya, ya rubuta lambarsa a ƙasa, ya koma inuwa yana jiran la'ada. Wani daga cikinku ya taɓa ce mini, "Baba, ai dillanci baki ne kawai." Ban yi masa musu ba. Zan dai ba ku labarin wani gida da ban sayar ba, ku auna da kanku.

Gidan farko da aka sayar a gabana yana Ƙofar Marke. Gidan gado ne, ginin ƙasa, zaure biyu da ɗaki shida. Lokacin ina bin Alhaji Modi, Allah Ya jiƙansa, wanda ya koya mini aikin. Na je wurinsa ina da shekara ashirin da biyar, na yi sauka, na ɗan taɓa littattafan fiƙihu a zaure, ina ganin babu abin da ya rage mini a sanin halal da haram na ciniki. Ya karɓe ni, ya ba ni kaya uku in riƙa ɗauka: igiyar awo mai ƙulli a kowace ƙafa goma, da wata doguwar ƙusa, da tabarmar kaba. Shekara shida ina ɗaure su a bayan keke.

A wancan gida mako guda muka yi muna zirga-zirga, Alhaji Modi bai tambayi kuɗi ba ko sau ɗaya. Ya tambayi yawan magada. Aka ce tara. Ya ce a lissafa masa su da suna, mata da maza. Da aka lissafa sai suka zama goma, ashe akwai wata da ke aure a Argungu, ba wanda ya tuna da ita. Ya ce ba ciniki sai ta zo ko ta aiko wakili. Ya tsaya a ƙarƙashin indararo ya tambayi inda ruwan sama yake zuba, da wanda ya yarda ya zuba a wurin. Ya tambayi bangon gabas, na gidan ne ko na maƙwabci. Sannan ya karɓi ƙusar nan ya durƙusa ya kankare gindin bango, don ya ga ko danshi yana cin ginin a ƙarƙashin sabon yaɓe. Bayan duk wannan sai ya shiga gidan dama da gidan hagu ya yi musu tayi, domin a wurinsa ba a kawo baƙo sai maƙwabci ya ce ba ya so.

Igiya da ƙusa kowa zai iya koyonsu cikin wata uku. Tabarmar ce ta ɗauke ni shekaru. Ranar ciniki Alhaji Modi yakan sa in shimfiɗa ta a ƙofar gidan da za a sayar, ba a ofis ba, ba a gidansa ba. Mai gida ya zauna a gefe, mai saye ya zauna a ɗaya gefen, mai unguwa da maƙwabta biyu su zama shaidu. Sai ya ɗaga murya yadda mai wucewa ma zai ji, ya ce, "Kai mai saye, nawa ka saya?" Mutum ya faɗa. Ya juya ya ce, "Kai mai gida, ka ji. Ka sallama?" In ya ce ya sallama, a yi addu'a. Daga nan kowane ɓangare ya ajiye la'ada a kan tabarmar, a gaban kowa. Galibi biyar cikin ɗari ne, wani lokaci a rage in akwai marayu a cikin magada.

Na taɓa tambayarsa dalilin wannan wahala, tunda ana iya ƙare magana da kowa a gidansa. Ya dube ni ya ce, "Ladan, gida guda kuɗɗi guda gare shi. Ran da ka ga gida da kuɗɗi biyu, to dillali ya ci guda." Ban ƙara tambaya ba.

Ku sani, akwai wata hanya da dillalai suka sani tun kafin a haife ku, ba waya ce ta kawo ta ba. Mai gida ya ce yana son kaza. Dillali ya je ya gaya wa mai saye abin da ya fi haka. Ya hana su haɗuwa, ya karɓa a can, ya biya a nan, abin da ya ɗora a sama ya zama nasa, sannan ya karɓi la'ada a duk ɓangarorin biyu. A shekarun da kasuwa ke tafiya ba kowa ke damuwa da yin haka ba, don la'adar kanta tana isa. Na ga lokacin da ake yanka gonaki a bayan gari ana mai da su filaye, mutum ya sayi fili da safe, kafin la'asar wani ya ƙara masa riba. A wannan zamani na sayi babur, na yi wa gidana rufin kwano, na aurar da 'ya'ya biyu, kuma tabarmar nan ba ta taɓa hana ni ci ba. Gaskiya ba ta da tsada a shekarar da kowa ke samu.

Sai shekarar da kasuwa ta tsaya. Ba sai na faɗi wace ba, kuna nan aka yi ta. Siminti ya yi tsada, masu gini suka ajiye aiki a rabi. Hatsi ya yi tsada, wanda ya tara kuɗin fili ya mai da shi buhun gero. Duk lungun da ka shiga sai ka ga an rubuta a bango da gawayi ko fenti cewa gidan nan na sayarwa ne, ga lambar waya. Masu sayarwa sun cika gari, mai saye kuwa sai an yi mako ba a ji ɗuriyarsa ba. A gindin dogon yaronmu mu goma sha ɗaya ne da farko. Uku suka koma kabu-kabu, ɗaya ya koma gona. Ni na yi wata tara ban shimfiɗa tabarma ba.

A nan ne sana'armu take da wani lahani da ya kamata ku gane. Dillali ba ya samun ko sisi sai ciniki ya faɗa. In kasuwa na tafiya, wannan ba matsala ba ce. In ta tsaya, sai ya zama dillali yana son ciniki ya faɗa ko a nawa ne. Mai saye yana da zaɓi, ba a iya matsa masa. Mai sayarwa kuwa buƙata ce ta fito da shi, shi ne mai taushi. Don haka duk nauyin dillali a kansa yake sauka. Ka je ka zauna da shi ka ce, rage, rage, babu kowa. Kuma abin da ka faɗa gaskiya ne. Sai dai ragin miliyan guda a wurinsa asarar miliyan ce, a wurinka kuwa ɗan abu kaɗan ne ya fita daga la'ada. Shi yana ganin kai nasa ne, kai kuwa na cinikin ne.

Gidan da zan ba ku labari yana Dundaye, ba nisa da titi. Ginin bulo ne, ɗaki huɗu da falo, da rijiya, da fili a baya. Mai shi Alhaji Sambo, mahauci ne ɗan mahauta daga Ƙofar Marke, wanda ya yi ƙarfi har ya koma sayo shanu daga kasuwannin ƙauye. Ya gina gidan ne don haya. A shekarar nan hanya ta ɓaci, jarinsa ya karye, ya rasa abin da zai sayi ko sa guda. Ya kawo mini gidan ya ce miliyan tara yake so, da su zai koma kasuwa. Na auna, na kankare bango, na duba takardu, na yi wa maƙwabta tayi suka ce ba su da hali. Gidan ya zauna a hannuna wata biyar, babu wanda ya taya.

Ranar wata Talata da hantsi waya ta shigo. Dikko ne, abokin zamana a gindin bishiya, wanda na girme shi da shekara goma. A sana'armu sau da yawa wani ne ke riƙe da gida, wani ke riƙe da mai saye, in ciniki ya faɗa a raba la'ada. Dikko ya ce ya samu mutum. Sunansa Malam Bitrus, malamin makaranta ne daga Filato, ya yi shekara talatin da wani abu yana koyarwa a nan, ya yi ritaya an biya shi haƙƙinsa, yana son gida a wajen Dundaye saboda 'yarsa a can take aiki. Kuɗinsa a hannu suke, kuma zai iya kaiwa takwas. Na ce ina da gidan da ya dace, su zo ranar Laraba su gani.

A ranar nan bayan la'asar sai ga Alhaji Sambo da kansa, ya zo a ƙafa. Ya zauna a benci, muka gaisa.

Ya ce, "Malam Ladan, har yanzu shiru?"

Na ce, "Alhaji, kai ma kana gani. Kasuwa ta mutu."

"Wallahi na gaji. Jiya yaran da ni ka ba nama bashi, su sunka ba ni na cefane. Ka ji ko?"

Na ce Allah Ya kawo sauƙi.

Ya ce, "To saurara. Tara ɗin ga na bar ta. Ka samo mani shida. Shida kawai. Abin da duk ya hau bisa, naka na, na yahe maka duniya da lahira."

Ban ce masa komai game da wayar da ta shigo da hantsi ba. Na ce, "To, Alhaji, za mu duba." Ya tashi ya tafi. Ku lura da kyau, ban yi masa ƙarya ko kalma ɗaya ba. Kasuwa ta mutu, haka ne. Mai saye bai ga gida ba tukuna, kuma dillali yakan ce ba ya sa wa mai gida rai da abin da bai tabbata ba. Duk wannan ana iya faɗa. Abin da ya faru dai shi ne, na san da mai takwas, na bar mutum ya sauko shida a gabana.

Laraba Malam Bitrus ya zo ya ga gida. Dattijo ne mai natsuwa, da biro a aljihu. Ya ɗanɗana ruwan rijiya, ya ƙirga ɗakuna sau biyu, ya tambayi ko ruwa na kwanciya da damina. Na nuna masa kusurwar baya inda yake taruwa, na ba shi ƙusa ya kankare da hannunsa. Ya yi dariya ya ce bai taɓa ganin dillalin da ke nuna aibin kayansa ba. Ya taya bakwai da rabi, Dikko ya ja shi, ya tsaya a takwas.

Da muka rabu da shi na gaya wa Dikko yadda muka yi da Alhaji Sambo. Dikko ya tsai da babur a gefen hanya ya sauko.

Ya ce, "Malam, maimaita. Shida?"

Na ce shida.

"Da bakinai ya ce abin da ya hau naka na?"

Na ce da bakinsa.

Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdulillahi! Miliyan biyu, ga la'ada. Kai guda, ni guda. Malam, wanga ba sata ba ta, kyauta ta. Takarda biyu za mu yi. Malamin makaranta shi turo mani takwas, ni in tura ma Alhaji shida. Kowa shi kwana da murna. Amma don Allah, don Annabi, tabarmar nan taka ka bar ta gida."

Na ce zan yi tunani. Ya ce, "Tunanin mi? Wata nawa rabonka da la'ada? Ni an koro mani yara daga makaranta tun wancan mako."

Ranar Alhamis bayan azahar na tsaya wurin limaminmu, wanda muka yi karatu a zaure ɗaya amma ya yi mini nisa ƙwarai. Na kawo masa mas'alar ba tare da suna ba. Na ce, Allah Ya gafarta Malam, mutum ne ya ce wa dillali sayar mini a kaza, abin da ya ƙaru naka ne. Ya ce akwai malaman da suka halatta, tunda mai kaya ya yarda. Har na fara neman takalmina sai ya ce, "Tsaya. Sa'ad da mai kayan ya faɗi haka, dillalin ya san da wanda zai ba da ƙarin?" Na ce ya sani. Ya ce, "Ya gaya masa?" Na ce bai gaya masa ba. Ya ce, "To kai ma ka karanta abin da na karanta, Ladan. Mi kaka so in ce?" Na sa takalmi na fito.

Na kira Alhaji Sambo na ce an samu mai saye, ya zo Dundaye ranar Juma'a da safe. Ya tambayi nawa. Na ce zai ji a kan tabarma. A lokacin ina ganin wannan ya isa gyara, tunda a gaban shaidu zai ji takwas da kunnensa, kuma duka nasa ne. Na gaya wa Dikko abin da na yanke. Ya yi ta faɗa a waya har kuɗinsa suka ƙare. Amma ya zo, don ko rabin la'ada ba abin yarwa ba ne a wannan shekara.

Na shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan. Mai unguwa ya zauna, maƙwabta biyu suka zauna. Malam Bitrus ya cire takalmi ya zauna a gefe da jakar takardunsa, yana cewa gwiwoyinsa sun manta zaman ƙasa. Alhaji Sambo ya zauna a ɗaya gefen, ya sa sabuwar hula. Na yi yadda aka koya mini.

Na ce, "Malam Bitrus, nawa ka saya?"

Ya ce, "Miliyan takwas."

Na ce, "Alhaji Sambo, ka ji. Ka sallama?"

Ya dubi Malam Bitrus, ya dube ni.

Ya ce, "Takwas?"

Na ce takwas, kuma duk nasa ne, la'ada kawai za a fitar.

Ya ce, "Malam Ladan, ba kai ka ce mani kasuwa ta mutu ba? Shekaranjiya waccan, bisa bencinka?"

Na ce, "Ni na faɗa, kuma haka take. Wata tara ban ga mai saye ba sai wannan bawan Allah."

"Yaushe ka san da shi?"

Dikko ya yi gyaran murya. Mai unguwa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na ce, "Talata da hantsi."

Alhaji Sambo ya ƙirga da yatsa. Ya ce, "Da hantsi. Ni ko da la'asar na zo. Ina zaune ina hwaɗa maka yara ka ba ni na cefane, kai kana da mai takwas cikin aljihu." Ya cire hular ya mai da ita. "To wanda ya ɓoye mani takwas, mi zai hana shi ɓoye goma? Wa ya sani ko akwai wani can baya, kun aje shi, wanga dattijo ku saye da sunanai ku sayar ma wancan?"

Malam Bitrus ya ce, "Alhaji, ni da kuɗin ritayata na zo. Ban san kowa a baya ba."

"Ban ce da kai ba, Malam, kai baƙo na. Da su nike." Ya miƙe ya kaɗe riga. "Albarka. Ban sallama ba. Tara na ce tun farko, tara ta."

Dikko ya tashi tsaye ya ce, "Ranka shi daɗe, mai unguwa, mutumen ga ya riga ya sallama a shida, Malam Ladan shaida na! Ba a sallama a dawo!" Mai unguwa ya dube ni. Na ce maganar da aka yi a benci umarni ne ga dillali, sallamar da ake kamawa ita ce ta kan tabarma, kuma mai gida bai yi ta ba. Dikko ya ce, "Ladan, Allah Ya isa." Ran nan ne kaɗai ya taɓa kirana babu Malam.

Malam Bitrus ya mai da takardunsa cikin jaka a hankali. Ya ce, "Lissafi na koyar duk rayuwata, amma ban taɓa ganin inda aka ba mutum takwas ya ƙi don shida yake jira ba." Ba wanda ya yi dariya sai maƙwabci guda. Na naɗe tabarma.

Na bi Alhaji Sambo gida sau biyu a makon nan. Na farko aka ce ba ya nan. Na biyu ya fito ya ce in ba shi kwafin takardunsa, ya karɓe gidan daga hannuna. Dikko ya kai Malam Bitrus wani gida a wata unguwa, ciniki ya faɗa, ban da rabo a ciki, kuma daidai ne. Ya ɗauke bencinsa daga gindin dogon yaro ya koma tsallaken titi, har yau a can yake, muna gaisawa daga nesa. Ni kuwa kafin ƙarshen wata na sayar da babur na koma keke. Sai da na ƙara wata huɗu kafin na ga la'ada, ita ma ta ɗakin haya ce.

Mai tara bai zo ba. Mai takwas ma bai sake zuwa ba. Damina ta sauka a kan gidan babu kowa a ciki, ruwa ya kwanta a kusurwar nan ta baya har bango ya tsage. Daga baya na ji wasu samari masu tallan gidaje a waya sun sa Alhaji Sambo ya sayar da shi a shida. Bai ga mai saye ba. Takarda aka kai masa shago ya sa hannu, kuɗi suka shigo ta banki, ya biya su la'ada ya yi musu godiya.

Bayan kaka wani ɗan kasuwa ya zo wurina yana neman in samo masa ɗan haya. Da ya kwatanta gidan sai na gane shi. A cikin hira, yana ƙorafin kuɗin gyaran bango, ya faɗi nawa ya sayi gidan. Na samo masa ɗan haya, ban kai maganar ko'ina ba, domin ba cinikina ba ne.

Ana gab da azumi na je sayen nama a Ƙofar Marke. Ashe Alhaji Sambo ya koma kan teburi da kansa, da wuƙa a hannu, kamar yadda ya fara yana saurayi. Shida ɗin ba su kai shi kasuwar shanu ba, sun tafi a biyan waɗanda ke binsa. Na yi niyyar wucewa teburin gaba sai ya kira ni.

Ya ce, "Malam Ladan, gudu kaka yi?"

Na dawo muka gaisa. Ya yanka mini na dubu biyu, ya ƙara tsoka guda. Yana naɗewa a takarda, bai ɗago kai ba, ya ce, "An ce kai ka sa ɗan haya gidana na da."

Na ce ni ne.

"To ka san nawa anka saye shi."

Na ce na sani.

"Hwaɗi."

Tunda ya tambaya, na faɗa. Na ce bakwai da rabi.

Ya ajiye wuƙa. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Mahaucin da ke kusa da shi ya daina sara yana saurare. Can ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Yaran nan ko tabarma ba su da ita, sun ci miliyan da rabi, har na sa musu albarka. Kai mai tabarma ka tashi da keke." Ya miƙo mini naman. Da na kama sai bai saki ba. Ya ce, "Ka san wani abu, Malam Ladan? Ran Talatan nan, da ka ce mani, Alhaji kwantar da hankalinka, ga mai takwas nan tahe, wallahi da ko tayi ba ni bari a yi. Da na sallama ina godiya."

Na ce, "Na sani, Alhaji. Ka yafe mini."

Ya ce, "Na yahe. Kawo dubu biyuna."

Na biya na hau keke.

Samari, wasu cikinku sun ji wannan labari a bakin Dikko, kuma yadda yake ba da shi, tabarma ce ta kashe cinikin. Yana da hujjarsa. Da na bi shawararsa, da Malam Bitrus ya samu gidan da yake so, da Alhaji Sambo ya samu shidansa tun kafin damina, da ni da shi mun samu abin da muka samu, kuma da babu wanda ya sani sai Allah. Ba zan ce muku gaskiya ta biya ni a wannan ciniki ba, ba ta biya kowa ba. Amma na yi shekaru ina juya al'amarin, kuma ban ga laifin tabarma ba. Ita abin da aka kawo mata take nunawa. Ni na kawo mata shirun kwana uku, ta nuna shi a gaban mai unguwa. Alhaji Modi ya koya mini in faɗi kuɗi da ƙarfi ranar ciniki, ni kuma na ɗauka ranar ce kaɗai ake faɗa.

Kasuwa ta ɗan motsa yanzu, za ta kuma sake tsayawa, wataƙila ina raye, wataƙila ba na nan. In ta tsaya, wani zai zo ya zauna a bencinku da la'asar ya fara rage kuɗin gidansa da kansa, ku kuwa kun san abin da bai sani ba. Ba ni da wata dabara da zan bar muku a kan wannan. Abin da nake yi dai tun daga shekarar nan shi ne, in waya ta shigo da hantsi cewa ga mai saye, ko bai ga gida ba, ko ban tabbata da shi ba, mai gida yana ji kafin a kira azahar.

Allah Ya jiƙan Alhaji Modi, Ya yafe mana abin da muka faɗa da abin da muka yi shiru a kansa.